Kariyar Baba a Bokitin da Ba Ya Yoyo

Aikina a wani kamfanin roba da ke Sharada shi ne in tabbatar bokiti ba ya yoyo. Shekara goma sha tara ke nan ina yin sa. Inji ya tofo bokitai da butoci da robobin wanka, ni kuma in zari ɗaya daga kowane tari, in cika shi da ruwa, in ɗaga shi sama in zuba masa ido kamar mai neman watan salla. Ɗigo ɗaya ya fito, tarin gaba ɗaya ya koma injin niƙa, a narkar a sake. Abokan aikina suna cewa ko a Challawa bokiti ya ɗiga, ina jin ƙararsa daga Sharada. Ba su yi ƙarya sosai ba. Na taɓa zuwa gaisuwa gidan surukaina, ana tsakiyar hira na miƙe na je na ɗauki butar da ke ɗiga a tsakar gida ina juya ta ina neman inda ta fashe. Ban san na yi ba sai da na ɗago na ga matata tana hararata.

Ban da wannan, an san ni a kamfanin da furanni, kuma da bakina na gina wannan suna. Duk ƙarshen wata nakan hau babur in nufi wajen Bompai, inda masu sayar da furanni ke jera su a bakin titi cikin baƙaƙen ledoji. Zaɓena ba ya ɗaukar lokaci: wanda ya fi ja shi ne nawa. Mai sayarwa yana ta ƙoƙarin gaya mini wannan inuwa yake so, wancan rana, ni kuma in ce masa, "Malam, launi na zo saya, ba karatu ba." In kai gida Panshekara, in yage ledar, in dasa a sabon bokiti, in ɗauki hoto ta gefen da ya fi kyau. Bayan sati uku ko huɗu furen ya yi laushi ya kwanta. In ce ruwan rijiyar unguwarmu ne, ko mai sayarwa ya cuce ni, ko akuyar maƙwabta ce ta hura masa numfashi. Sai in sayo wani. A cikin wayata kuwa hotuna na ta taruwa, ja da rawaya da shunayya, babu matacce ko ɗaya. Duk wanda na nuna wa a wurin aiki sai ya ɗauka a tsakiyar lambu nake kwana.

Cikin waɗanda na nuna wa har da Baba mai gadi. Dattijo ne dogo siriri, mutumin Damagaram, ya riga ni zuwa kamfanin. Tsakanin Bakano da Badamagare akwai wasa tun kakanni, mu kuwa mun riƙe shi da hannu biyu. Ba ya buɗe mini ƙofa da safe sai ya leƙo ta taga ya ce, "Bakano ne? Bari in fara ƙirga makullai." Ni kuma in ce, "Baba, ku da sai da kuka zo Kano kuka san akwai abin da ake kira famfo." Ya yi dariya har haƙorinsa ɗaya na gaba ya fito ya gaishe ni. Da wannan nake buɗe yinina, kamar yadda wasu ke buɗe nasu da shayi.

A bayan ɗakin gadinsa, inda rana ke duka tun hantsi har la'asar, yana da kariya guda ɗaya a cikin wani tsohon gwangwanin fenti. Wanda bai san kariya ba, wata 'yar bishiya ce ta ƙasar rairayi, gindinta a kumbure kamar tulu, rassanta gajeru masu kauri, furenta ruwan hoda da jan baki da farin maƙogwaro. Ta Baba ta yi tumbi irin na attajirin da ya daɗe bai taka ƙasa ba. Idan ta yi fure, direbobin da ke zuwa ɗaukar kaya sukan zagaya su kalla. Ya gaya mini daga ƙwaya ya raine ta, ƙwayar kuma daga wata tsohuwar kariya ya ɗebo ta da ke bakin gonar mahaifinsa. Gonar an raba, an sayar, wanda ya saya ya tumɓuke uwar. Shekara goma sha ɗaya yana tare da wannan, kuma 'yata yake ce mata.

Kowace damina Baba yakan tafi gida noma, sai kaka ya dawo. A da akwai wani ɗan garinsu da ke riƙe masa gadi ya kuma riƙe masa kariya, amma a shekarar da wannan abu ya faru mutumin ya bar aiki, masu gadin da za a riƙa turowa kuma canza su ake yi duk sati. Ana saura kwana biyu ya tafi ya kira ni bayan ɗakin.

Ya ce, "Bakano, ban so in ba ɗan Kano ajiyar ko allura ba, amma na ga hotunanka. Ga 'yata nan."

Na ce, "Baba, kun kawo ta asibitin ƙwararru. Idan kun dawo sai kun nemi izini kafin ku gaishe ta."

"Ba na son ƙwarewa. Ka bar ta inda take. Idan ruwan sama ya yi yawa ka jawo ta ƙarƙashin rumfa. Ban da wannan kada ka yi mata komai."

Na ce to. A raina kuwa na ce wannan ai raini ne, a ba mutum irina shuka a ce kada ya yi mata komai.

Kwana uku na daure. A rana ta huɗu aka yi yayyafi, na je jawo ta ƙarƙashin rumfa, ina ɗaga gwangwanin sai na ga ruwa yana zuba ta ƙasa. Na karkata shi na leƙa. Huda biyar na ƙirga, manya, kowacce yatsa zai shiga cikinta. Shekara goma sha tara ina yaƙi da ɗigo ɗaya, ga huda biyar a ƙofar kamfaninmu, a bayan ɗakin da nake wucewa kullum. Na tausaya wa Baba, na ce talauci ne ya sa dattijo ya bar 'yarsa a cikin abin da ba ya riƙe ruwa. Na tausaya wa kariyar, na ce shekara goma sha ɗaya tana cikin ƙishi ba ta da bakin faɗa.

A ranar na zaɓo mata bokiti. Shuɗi ne, babba, mai kaurin gindi, irin wanda muke alfahari da shi. Sau biyu na gwada shi, na bar ruwa ya yini a ciki, ko zufa bai yi ba. Na samo baƙar ƙasa mai danƙo na haɗa da takin shanu, na zare kariyar daga yashin da take ciki, na dasa ta. Gwangwanin kuma na miƙa wa 'yan gwangwan da ke wucewa da kura. Da na ja baya na kalle ta, ruwan hoda a kan shuɗi, sai na ga bai dace irin wannan kyau ya zauna a bayan ɗakin gadi ba. Na ɗauke ta na kai ta gefen masallacin kamfani, daf da dakalin da ake alwala, inda kowa zai gani ya tambayi aikin wane ne.

A nan ne na manta da halin mutanenmu. Ma'aikacin da ya taso a ƙauyen Kano ko Jigawa, wanda ya san wahalar jan guga, ba ya zubar da ragowar ruwan buta a banza. Idan ya gama alwala ya ga saura, sai ya waiga ya nemi abu mai rai ya ba shi. A da wata ciyawa ce a gindin katanga ke samun wannan alheri. Yanzu ga fure a bokiti, a kusa da hannu. Mu kuwa aikinmu kashi uku ne, masu safe, masu yamma, masu dare, inji ba ya tsayawa, masallaci ma ba ya hutawa. Kowace salla a yi layi, kowa ya gama ya tuntsura mata abin da ya rage, wani har da addu'a. Ni kaina na yi ta yi, ina jin daɗi. A lissafina, ruwan da kariyar nan ta sha a wata guda ya isa a noma shinkafa a Kadawa.

Ganye ya fara yin rawaya. Furen ya zube. Na tsaya a kanta da hannu a ƙugu, na yi nazari irin na masana, na yanke hukunci cewa ƙishin shekara goma sha ɗaya ne yake fita. Bayan sallar azahar na miƙe na yi wa jama'a sanarwa cewa amanar Baba ce, kowa ya ƙara ƙoƙari. Suka ƙara.

Akwai wata mata a sashen ɗaure kaya, 'yar Filato, ita ce shugabar sashen, kowa Madam yake ce mata. A garinsu fure ko a jikin bango fitowa yake, ta kuma taso a gidan da ake kula da shi. Wata rana tana wucewa za ta wurin mai abinci ta hango kariyar, ta tsaya, ta dawo da baya. Ina zaune a dakali ina sa takalmi.

Ta ce, "Oga, wannan ba ta Baba ba ce?"

"Ita ce. Na yi mata ƙarin girma."

Ta durƙusa ta danna gindin da babban yatsa. Yatsan ya shiga kamar a jikin nunanniyar gwanda. Ta karkata bokitin ta leƙa ƙasansa, ta shafa, ta ɗago ta dube ni.

"Ina hudar?"

"Wace huda?"

"Inda ruwa zai fita."

Na ce, "Madam, a gabana kike tambayar huda a jikin bokitin kamfanin nan? Ni na gwada shi. Sau biyu."

Ta kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda ya fito daga wanka da sabulu a kunne. Sannan ta ce, "Furannin gidanka ma a irin wannan kake sa su?"

"Duka."

"Suna nan?"

Na ce suna zuwa suna tafiya. Ta ce ta gane. Ta yi mini bayani a tsaye, tana sauri don lokacin cin abincinta na ƙarewa: wannan shukar ta ƙasar fari ce, tumbin nan da nake gani rumbun ruwanta ne, ta fi son ta bushe ƙayau kafin a sake ba ta. Saiwa idan ta kwana cikin ruwa ruɓewa take. Kowace tukunyar fure sai da huda, ko ta zinare ce. Ta ce in huda bokitin a ranar, in mayar da ita cikin yashi, in kai ta rana, in hana mutane zuba mata ruwa.

Cikin abu huɗun nan, uku na karɓa a raina. Hudar ce ta tsaya mini a wuya. Na ce ai idan aka daina zuba ruwa, wanda ke ciki zai bushe da kansa, ba sai an ɓata bokiti lafiyayye ba. Don haka na sa gaba wajen hana mutane, ban san na ɗauko aikin da ya fi gwada bokiti dubu wahala ba.

Da farko na rubuta takarda na manna: a daina zuba ruwa. Washegari na tarar takardar ta jiƙe sharkaf, rubutun ya narke, saboda ta kanta ake zubawa. Na sake tsayawa bayan azahar na janye sanarwata ta farko. Masu safe suka ji, amma masu yamma ba su nan, masu dare kuma ban taɓa haɗuwa da rabinsu ba. Saƙon da na bar musu ya bi baki uku, kafin ya isa ya koma cewa furen Baba ba shi da lafiya, a taimaka. Suka taimaka.

Na je wurin limaminmu, wani mai gyaran inji ne mutumin Ringim, mai sanyin magana. Na roƙe shi ya sa baki.

Ya ce, "Malam, kana so in tashi a gaban mutane in ce kada su shayar da abu mai rai?"

"Shayarwar ce ke kashe ta, Malam."

"To, ikon Allah. Ni dai ban taɓa jin ruwa ya kashe shuka da damina ba, sai dai ambaliya."

"Ambaliyar ce. A cikin bokiti take."

Ya yi alkawari zai faɗa. Ya kuma faɗa, amma da irin muryar da ake ba da haƙuri, yana gamawa wani dattijo daga sahun baya ya ce shi dai ba zai hana kansa lada don wani ya ga dama ba. Ina tsaye ina kallo ya fita ya ɗauki buta ya tuntsura mata, ya dube ni ya ce, "Allah ya ba ta lafiya."

Na ɗauke ta na mayar bayan ɗakin gadi. Kwana biyu na samu sauƙi. A na uku na zo na tarar da ita a gefen masallaci, ƙasarta na ƙyalli. Wani bawan Allah cikin masu dare ya gan ta a yashe a rana, ganye na zuba, tausayi ya kama shi, ya ɗauko ta ya dawo da ita cikin mutane. Har yau ban san ko wane ne ba. Na yi cigiya, na yi rantsuwa ba zan yi masa komai ba, amma da alama fuskata ba ta goyi bayan rantsuwar ba. Na ɗaure bakin bokitin da leda, aka kwance. Na ɗora mata kwali, aka ɗauke aka yi shimfiɗa da shi. Ban taɓa sanin akwai mutanen kirki da yawa haka a kamfaninmu ba, kuma ban taɓa jin haushin mutanen kirki irin na wannan watan ba.

Cikin wannan hali Baba ya bugo waya. Muryarsa na yankewa, ina jin kukan jaki a bayansa.

"Bakano, ba ka sayar da kamfanin ba tukuna?"

"Ana ciniki, Baba. Ya gero?"

"Gero ya yi kai. Ya 'yata?"

Na dubi kariyar. Ganye huɗu suka rage mata, su ma don kunya suke riƙe.

Na ce, "Ta yi ƙiba, Baba."

"Madalla. Kada dai ka yi mata komai."

Ƙaryata ta yau da kullum ba ta hana ni barci, don kowa ya san ƙari nake yi, ni ma na san sun sani. Wannan ta bambanta, saboda ya yarda.

Ranar Asabar aka kwana ana ruwa. Litinin da na zo, bokitin ya cika har baki, kariyar na tsaye a tsakiya kamar wanda ya faɗa rijiya yana jiran guga. Ban nemi shawarar kowa ba. Na samo ƙusa mai tsawo, na je wurin mai abinci na roƙi wuta, na gasa ta har ta yi ja. Na kwantar da bokitin a kan dakali. Masu wucewa suka tsaya, don ganin ni da ƙusa a gindin bokiti kamar ganin likita ne yana sayar da guba. Ƙusar ta shige da wani ɗan sauti, hayaƙin roba ya tashi, sai ruwa ya biyo baya, baƙi, mai warin da ya sa mai abinci ta rufe tukunyarta daga nesa. Na huda biyu, na huda uku, na yi ta hudawa har sai da Madam ta zo ta riƙe mini hannu ta ce ya isa, ba rariya ake so ba.

Muka zare kariyar. Saiwar ta zama baƙin kunu. Tumbin nan na shekara goma sha ɗaya ya rabe a hannuna. Madam ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya tana matsawa, ta samu uku da ke da sauran tauri a sama. Ta sa reza ta yanke su, tana yanka tana duba ciki, sai inda ta ga fari tas ba ɗigon baƙi ta tsaya. Ta gargaɗe ni in wanke hannu da sabulu, ruwan jikin kariya dafi ne, kada in kai ido ko baki. Muka shafa wa bakin yankan toka, ta ce a ajiye su a inuwa kwana biyar su bushe kafin a dasa.

Na ce, "Kwana biyar ba ruwa? Ai mutuwa za su yi."

Ta ce, "Oga, don Allah, wannan karon ka yi shiru."

A cikin durowar ofishina na kulle su, na sa makullin a aljihu. Bayan kwana biyar na dasa su a yashin gini da ɗan garin gawayi, a cikin ƙananan robobi da na huda da hannuna. Na ɗora su a tagar ɗakin gwaji ta ciki, inda rana ke shigowa amma buta ba ta isa. Ɗaya ya yanƙwane a sati na biyu. Na biyu ya yi baƙi daga ƙasa. Na uku ya tsaya kawai, sanda mai tsawon yatsa biyu, bai mutu ba bai kuma ce komai ba. Kullum sai na tsaya a kansa da kofin ruwa a hannu ina kokawa da zuciyata. Sai da aka fara yankan gero sannan ya fito da wasu 'yan ganye biyu, ƙanana kamar kunnen ɓera.

Saura sati guda Baba ya dawo, na hau babur na tafi Bompai. Mai furannin da na saba saye a wurinsa ya hango ni ya ce, "Alhajin launi, yau wane ja za a kashe?" Ashe ya sani. Ya ce tun shekarar farko ya gane, don wanda furensa ke rayuwa ba ya dawowa duk wata neman irin wanda ya saya jiya. Na ce me ya hana shi gaya mini. Ya ce ya yi ta farawa, ni ne na ce ba karatu na zo ba. Na haɗiye wannan, na tambaye shi kariya mai tumbi. Yana da su. Na zaɓi wadda ta fi kama da ta Baba, na zagaya ta sau uku, na ɗaure ta a bayan babur na taho da ita a hankali kamar na ɗauko mai jego.

Niyyata, in faɗi gaskiya, in ajiye ta a bayan ɗakin gadi in yi shiru. Madam ta kalle ta ta ce, "Kyakkyawa ce. A wane gwangwani za ka sa ta?" Na tuna 'yan gwangwan da kurarsu. Ta ƙara da cewa ko da gwangwanin na nan, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana kallon abu ɗaya kowace safiya ya san kowane lanƙwasa na jikinsa. Ta ce in ina so in yi, in yi, amma kada in sa sunanta.

Ranar da ya dawo, ban jira ya zagaya bayan ɗaki ba. Na same shi yana kwance ƙullin kayansa, ya rame, ya yi baƙi, ya kawo mini ɗaurin kilishi. Na ajiye abu biyu a gabansa, babbar kariyar Bompai da 'yar sandar mai ganye biyu. Na faɗa masa komai, tun daga huda biyar har zuwa wayar da na ce ta yi ƙiba. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, abin da ban taɓa yi wa wani labari ba a rayuwata.

Bai katse ni ba. Da na gama ya nuna babbar ya ce, "Wannan ta wace ce?"

"Taku ce, Baba. Na sayo muku."

"A'a. Ban san ta ba."

Ya ɗauki 'yar robar, ya ɗaga ta ya leƙa ƙasanta, ya taɓa yashin, ya shafa sandar da bayan yatsa. Ya daɗe yana kallon ganyen nan biyu.

Ya ce, "Wa ya yanka?"

"Madam."

"Ta iya." Ya ajiye robar, sannan ya ce, "Reshe ba ya yin tumbi irin na ƙwaya. Za ta rayu, in Allah ya so, amma siririya za ta tashi."

Na so ya zage ni. Na shirya wa zagi, na ma tanadi inda zan sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, ku faɗi abin da ke ranku. Ku ce Bakano ya yi halinsa."

Ya ce, "Ba komai, Malam. Kun yi ƙoƙari."

Shekara goma sha tara bai taɓa ce mini Malam ba, bai kuma taɓa ce mini ku ba. Ya miƙo mini kilishin, na karɓa don ban san yadda ake ƙin karɓa ba. Ina juyawa zan tafi ya ce, "Ranar da ta yi fure, sai ku zo ku gani."

Babbar na kai ta gida na ajiye a kan katanga cikin ledarta, ban dasa ba, ban yi mata taki ba, ko kallon arziki ba na yi mata. Fure take yi ba ji ba gani, rani da damina, har maƙwabta na aiko a tambaye ni sirrin. Ta Baba kuwa tana kan tagar ɗakin gadi ta ciki, damina biyu ke nan, ba ta yi ba. Madam ta ce reshe yakan yi a shekara ɗaya, yakan kuma kai uku, ya danganta. Na tambaye ta ya danganta da me, ta ce da a ƙyale shi.

Kowace safiya, yayin da Baba ke duba katina yana ce mini sannu da zuwa, nakan saci kallo ta kafaɗarsa in ƙirga ganyen. Sun kai tara. Makon jiya na ga takwas, na ga kuma ɗaya daga ƙasa ya soma rawaya. Ina da ra'ayi a kan abin da ke damunta, ra'ayi mai ƙarfi ma. Na buɗe baki, Baba ya ɗago ya dube ni, na ce masa ina kwana na tura babur ɗina ciki.